Akwatin kayan cire tsakuwar maƙogwaro: abu huɗu a ciki, ɗaya ne ya ci kuɗinsa

Wanda ya taɓa yin tari ko kaki, wani ɗan farin abu ya faɗo masa daga maƙogwaro kamar guntun dafaffiyar shinkafa, ya murje shi da yatsa ya kai hanci, ba sai an yi masa bayanin warin ba. Ita ce tsakuwar maƙogwaro. Ba ta kisa, yawanci ma ba ta ciwo, amma tana sa mutum ya riƙa kare baki da hannu in zai yi magana, ya riƙa kau da fuska in an matso kusa da shi. 'Yan kasuwar intanet sun gano wannan damuwa, shi ya sa yanzu a Jumia da AliExpress da shafukan masu talla a Instagram ake sayar da wani ƙaramin akwati na kayan cire ta. Sunan da ke jikin kwalin yakan bambanta, wani ma ba shi da suna, amma kayan ciki kusan iri ɗaya ne: tsinken roba mai fitila, tsinken ƙarfe mai kai kamar ƙaramin cokali, sirinji mai lanƙwasasshen baki, sai makankarin harshe.

Tun kafin a yi nisa, ga hukuncinmu. Sirinjin ne ya ci kuɗinsa. Makankarin harshe yana da amfani, amma ba a kan tsakuwar ba. Tsinke mai fitila, wanda shi ake ɗorawa a gaban hoton talla, fitilar ce kawai abin mora a jikinsa. Na ƙarfen kuwa gara ya ci gaba da kwana a kwalinsa.

Ba za a gane dalilin wannan hukunci ba sai an san inda tsakuwar take zama. A can ƙarshen baki akwai tsokoki biyu masu laushi, ɗaya dama ɗaya hagu, beli yana rataye a tsakaninsu. Su ne tonsil. Fuskarsu ba sumul take ba, kowanne yana da ramuka 10 zuwa 20, wani ma fiye, kuma ramukan suna rassa a ciki kamar gidan tururuwa. Wanda ya sha fama da ciwon maƙogwaro tun yana yaro, ramukansa sukan fi zurfi da karkacewa saboda tabo. A cikinsu ne guntun abinci da majinar da ke gangarowa daga bayan hanci da matattun ƙwayoyin fatar baki suke taruwa. Ƙwayoyin cuta irin waɗanda ba sa son iska su samu wurin zama, su riƙa ruɓar da abin, suna fitar da iskar da ke ɗauke da sinadarin farar wuta: wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wata mai warin ruɓaɓɓen kabeji. Da farko abin laushi gare shi kamar awara. In ya daɗe, kalsiyam da ke cikin miyau ya riƙa zama a kansa har ya taurare. Yawancinsu ba sa wuce milimita 5.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai sayen kayan aiki shi ne siffar ramin. Kamar tulu yake, baki ƙarami, ciki babba. Duk abin da zai danna tsakuwar daga sama cikin tulun zai ƙara tura ta. Abin da ke fito da ita shi ne ko dai a matsa naman da ke gefenta har ta ɓullo, ko kuma ruwa ya zagaya bayanta ya turo ta waje. Da wannan ma'auni muka auna kayan guda huɗu.

Tsinken da ake talla da shi

Duk wanda ya san kayan cire dattin kunne zai gane shi da gani, domin shi ne aka canja wa kwali da suna. Tsawonsa bai wuce na biro ba, yana aiki da ƙananan batura irin na agogo, yawanci LR41 guda uku, kuma ana haɗo shi da kawuna biyu ko uku na roba mai ɗaukar haske. A yaba masa a kan abu ɗaya: hasken yana sauka daidai inda kan yake, ba kamar fitilar waya ba wadda hannunka ke tare ta da zarar ka kai shi baki. Don dubawa kawai, a ga ko akwai tsakuwa da kuma inda take, ya yi.

Matsalar tana farawa ne in an ce a yi aiki da shi. Gajere ne, saboda haka kafin kan ya kai tonsil yatsunka sun riga sun shiga baki sun tare madubi. Kawunan kuma a yawancin waɗanda ake sayarwa cusa su ake yi, ba murɗawa ba. In miyau ya jiƙa mahaɗin, maƙogwaro kuma ya yi yunƙurin amai ya matse, kan yana iya zarewa ya tsaya a wurin da ba a so, a haɗiye shi ko a shaƙe shi. Wanda ya riga ya saya, kafin kowane amfani ya ja kan da ƙarfi da yatsa biyu. In ya fita cikin sauƙi, kada ya kai shi baki. A kuma shafa kan a cikin leɓe a ji. Robar araha takan fito da ɗan kaifi a layin da aka haɗa ta a masana'anta, kuma wannan kaifin da ba a gani ya isa ya yanki tonsil.

Ba a dafa shi, ba a tsoma jikinsa a ruwa, don ruwa na shiga gidan baturi ya yi tsatsa. Abin da za a iya shi ne a cire kan a wanke da sabulu, a goge da sifirit, a bari ya bushe. Baturan kuma a nesanta su da yara. In yaro ya haɗiyi irin wannan baturi ya maƙale masa a hanyar abinci, cikin awa biyu yana iya ƙona wurin. Wannan maganar gaggawa ce ta asibiti, ba ta jira a ga ko zai fita da kashi ba.

In har za a taɓa tsakuwa da shi, to sai wadda kanta ya riga ya leƙo. A ɗora kan a gefenta ko a ƙasanta, a matsa a hankali zuwa sama. Sau biyu ko uku, in ba ta fito ba a haƙura. Auduga mai tsinke da aka jiƙa da ruwa tana yin wannan aikin, kuma ta fi shi laushi.

Tsinken ƙarfen shi ne mai kyan ɗan maciji. Yana sheƙi, yana kama da kayan asibiti, kuma ana iya tafasa shi minti 10 ba tare da ya lalace ba. Sai dai tonsil nama ne mai laushi kamar hanta, jijiyoyin jini da yawa ne ke ciyar da shi, kuma maƙogwaro ba ya shawara da kai kafin ya zabura. Ga shi a madubi kake kallo, dama ta koma hagu, zurfi kuma ba ya auno daidai. Likitan maƙogwaro yana amfani da ƙarfe makamancin wannan, amma da fitila a goshi, da abin danne harshe, wani lokaci da feshin kashe zafi, kuma shi kai tsaye yake kallo. Mai yi wa kansa ba shi da ko ɗaya. Abin da ke biyo baya an san shi: ɗan jini, kumburin kwana biyu ko uku, sannan tabo. Tabon kuwa shi ke ƙara tsuke bakin rami ya karkata shi, tsakuwa ta gaba ta fi wahalar fita. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin na kullum, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, su kam ko na robar kada su kai wurin.

In an riga an yi ɓarna jini ya fito, a kurkure da ruwan sanyi sosai, a tsotsi ƙanƙara, a zauna a miƙe. In ya wuce minti 15 bai tsaya ba, ko mutum ya ga yana ta haɗiyar abu mai ɗanɗanon jini, a tafi asibiti.

Sirinjin

Shi ne mafi ƙarancin kwarjini a akwatin, kuma shi ne mai aikin. Yana ɗaukar mililita 12, ba shi da allura, bakinsa roba ce doguwa mai lanƙwasa da ke tsukewa zuwa ƙarshe. Ba don tonsil aka ƙirƙire shi ba. Likitocin haƙori ne ke ba wanda aka cire wa haƙorin ƙurya don ya riƙa wanke ramin. Wanda aka fi sani shi ne Monoject 412, na cikin akwatunan nan kwaikwayonsa ne. Lanƙwasar nan ita ce sirrin. Rami mafi girma a tonsil yana can sama ne, ɓoye a bayan wani labulen nama da ke gabansa, kuma nan ne tsakuwa ta fi yawan laɓewa. Mutum zai duba madubi ya ga wurin fes, alhali wari na nan, saboda abin yana bayan labule. Tsinke miƙaƙƙe ba ya kaiwa wurin sai an ja naman. Bakin sirinji kuwa zagayawa yake yi.

Ruwan da za a zuba ba wani abu ba ne illa ruwan gishiri mai ɗumi. Ma'auni mai sauƙi: ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, da cokalin shayi ɗaya na gishiri, shafaffe ba mai tozo ba. In na rijiya ne ko na famfo, a tafasa a bari ya huce. Ɗuminsa ya zama wanda in ka ɗiga a bayan hannu ba za ka ji zafi ko sanyi ba, domin ruwan sanyi yana tayar da yunƙurin amai, mai zafi kuma yana ƙona wurin tun kafin ka ankara. Ƙara gishiri ba ya ƙara ƙarfin aiki, raɗaɗi da bushewa kawai yake ƙarawa. Kanwa da lemon tsami da khal da ake yawan ba da shawararsu ba su da gurbi a nan. Tsamin ma cin fuskar haƙori yake yi.

A yi da safe kafin karin kumallo, ko aƙalla awa biyu bayan cin abinci, don in ciki a cike yake yunƙurin amai yakan zama amai na gaske. A fara da kurkure maƙogwaro da ruwan gishirin na rabin minti, kai a ɗage, don abin ya jiƙa. Sannan a tsaya gaban madubi da haske mai kyau, a buɗe baki, a bar harshe ya kwanta da kansa ba tare da an zaro shi waje ba, a ce "aaa" don ganɗa ta ɗaga. A kai bakin sirinji kusa da ramin, kamar milimita 2 ko 3 tsakani, a karkace, ba a cusa shi ciki ba. In an saita, sai a sunkuyar da kai kan kwano ko wurin wanke hannu yadda ruwan zai zubo waje. A ja numfashi, a riƙe, a danna kaɗan, kamar mililita 2 ko 3, a tsaya a tofar. Sirinji ɗaya zai ba da dannawa huɗu zuwa shida. Sirinji uku ko huɗu a kowane gefe ya isa na rana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a danna duka mililita 12 a lokaci guda kai a ɗage. Ruwan sai ya wuce maƙoshi, mutum ya ƙware, ya yi ta tari har hawaye, daga nan ya ce kayan ba sa aiki. Na biyu shi ne naci. Tsakuwar da ta taurare ba lallai ta fita ran farko ba. Ruwan yana sassauta ta ne, washegari ko jibi sai ta faɗo da kanta wajen kurkure ko tari. In wurin ya fara ja ko raɗaɗi, a ba shi hutun kwana biyu. Bayan an samu ta fita, wankewa sau biyu ko uku a mako yana hana abin taruwa har ya taurare. Wannan ne ma babban amfanin sirinjin: ya fi ƙwarewa wajen kwashe laushin kafin ya zama dutse fiye da fasa dutsen.

Shi ma yana da nasa aibin, musamman na araha. Baƙar robar da ke kan matsin, wato sandar da ake dannawa, takan fara kamewa bayan wasu makonni, ka danna ta ƙi, ka ƙara ƙarfi ta zabura ta harba ruwan gaba ɗaya. Maganinsa a zare matsin bayan kowane amfani, a wanke da sabulu, a shanya su daban-daban, in ya fara kamewa kuma a canja. In an bar shi a haɗe da ɗigon ruwa a ciki, baƙin funfuna yake yi a lanƙwasar, inda ba abin da ke shiga ya goge. Wasu kuma ramin bakinsu ya cika tsukewa, ruwan ya fito siriri kamar allura. A gwada a bayan hannu tukuna. In yana tsira, a yanke milimita 1 ko 2 daga ƙarshen da sabuwar reza, a goge kaifin, ruwan zai fito da faɗi da laushi. Ba a tarayya a kansa, ko da miji da mata ne. Kuma sirinjin allura na kemis ba ya maye gurbinsa: in an cire allurar bakinsa gajere ne miƙaƙƙe, in kuwa ba a cire ba, wannan ba sai an faɗa ba.

Tunda haka ne, wanda ya samu sirinjin shi kaɗai a shagon kayan asibiti ko wurin likitan haƙori, ya sayi biyu ko uku ya bar akwatin. Kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan na akwatin.

In tsakuwa ta fita wari bai fita ba

Wannan yana faruwa fiye da yadda masu talla za su so a faɗa. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na warin baki daga cikin bakin kansa yake tasowa, mafi yawa daga farin dattin da ke kwance a bayan harshe da kuma ciwon dasashi. Rabon tonsil a ciki ƙarami ne. Mutum na iya samun tsakuwa, amma warin da mutane ke ji na harshensa ne. Gwajin ba wuya: a kifa ƙaramin cokali a kankaro can bayan harshe, a bari ya sha iska kaɗan, a sunsuna. A kuma zura zaren sakace tsakanin turamen haƙori a sunsuna shi, a duba ko ya fito da jini. In warin ya fi fitowa ta hanci baki a rufe, to a nemi matsalar a hanci.

A nan makankarin harshen da ke akwatin yake shigowa. Yawanci ƙarfe ne mai siffar baka, kuma ba mu da ƙorafi a kansa. A ɗora shi can baya gwargwadon yadda za a iya jurewa, a jawo gaba sau huɗu ko biyar, ana ɗauraye shi bayan kowane ja, ba tare da dannawa ba. Sau ɗaya da safe ya wadatar, in dattin da yawa a ƙara da dare. Masu fara wannan sukan tsorata in sun hango wasu manyan ƙuraje a jere a can bayan harshe. Halitta ce, kowa na da su, kada a kankare su. Asuwaki yana wanke haƙori sosai, amma ba ya kaiwa wannan wurin. Sai dai fa cokalin cin abinci da aka kifa yana yin kusan aikin makankarin, saboda haka shi ma bai isa dalilin sayen akwati ba.

Akwai masu tsallake duk wannan su sayi injin fesa ruwa na wanke tsakanin haƙora, irin Waterpik. Ga haƙori da dasashi kaya ne mai kyau. Ga tonsil sai an yi hattara, domin don nama mai tauri aka yi shi. Na hannu mai caji, irin Cordless Plus, ƙarfinsa a ma'aunin ƙarfin feshin ruwa da ake kira psi yana tsakanin 45 da 75, wato mafi ƙanƙantar ƙarfinsa ma ya yi wa tonsil yawa, yana iya fasa shi ya yi jini. Na ajiyewa a tebur, irin Aquarius, yana farawa daga psi 10 zuwa 100, kuma lamba ta ɗaya a maɓallin ƙarfinsa ce kaɗai ta dace da wannan aiki. A lura kuma, wanda aka yi don kasuwar Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. In aka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi. A duba rubutun ƙarƙashinsa kafin a biya kuɗi. Sirinji ya fi shi a abu ɗaya da ba a saye: babban yatsanka ne ke auna ƙarfin, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta.

Akwatin ba ya zuwa da ruwan kurkure baki, amma kusan duk mai wannan matsala yana da kwalba a ɗaki. Listerine na asali barasar da ke cikinsa ta haura kashi 20 cikin 100. Ƙamshin yana rufe wari na ɗan lokaci, amma ga wanda bakinsa ke bushewa ba shi ne zaɓi ba, tunda miyau shi ne mai wanke baki na asali. Akwai nau'insa marar barasa. Waɗanda suka fi yin aiki a kan warin su ne masu sinadarin zinki, irin CB12, domin zinki kama iskar farar wutar yake yi ya kashe warinta, ba rufe ta yake yi da ƙamshi ba. Corsodyl mai kashi 0.2 cikin 100 na sinadarin kulohekzidin ya fi su ƙarfi wajen kashe ƙwayoyin cuta: mililita 10, minti ɗaya, sau biyu a rana. Amma magani ne na ɗan lokaci, mako ɗaya ko biyu, ba na kullum ba. Yana rina haƙori da harshe ruwan ƙasa, kuma mai shan shayi da mai cin goro su suka fi ganin haka da wuri. Yana kuma dusashe ɗanɗano. A bar rabin awa tsakaninsa da makilin, don kumfar makilin tana rage masa ƙarfi. Mai son kurkurewa da haidurojin na wanke ciwo ya karanta kwalbar: mai kashi 3 ana haɗa shi da ruwa daidai wa daida, mai kashi 6 kuwa kashi ɗaya ne da ruwa kashi uku. Ba a haɗiyewa, kuma ba a mayar da shi abin yau da gobe.

Bushewar baki ita ce ke sa abin ya fi tsananta da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe hanci mutum ya kwana yana numfashi ta baki, majina kuma tana gangarowa maƙogwaro. Wanke hanci da ruwan gishirin nan da aka tafasa ya huce, da yawan shan ruwa, suna rage abin da ke ciyar da tsakuwar. Da azumi ma haka ne. Mai azumi ya mayar da aikin sirinji da kurkurar maƙogwaro zuwa dare, ko kafin ya ci sahur, tunda ruwan na iya wucewa ciki.

Ampiclox da Flagyl da ake saya a kemis don wannan matsala asarar kuɗi ce. Wari yakan ragu kwana kaɗan, sannan ya dawo, domin ƙwayoyin cutar suna lulluɓe ne a cikin dunƙulen da magani ba ya ratsawa sosai, ramin kuma yana nan yadda yake. Haka nan cire beli wurin wanzami ba ya taɓa tsakuwar ko kaɗan. Beli daban, tonsil daban. An yanke wanda ba shi da laifi, ga haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta.

Farin da ba a taɓawa

Ba kowane fari a maƙogwaro ne tsakuwa ba, kuma wannan ne abin da babu kwalin da ya rubuta. Tsakuwa dunƙule ce a cikin rami, ba ta zuwa da zazzaɓi. In farin shimfiɗe yake a kan tonsil, ga zazzaɓi, ga zafin haɗiya, ga kaluluwa a wuya, wannan ciwon tonsil ne, magani yake so ba tsinke ba. In kuwa wata fata ce mai ruwan toka da ta manne, wadda in an taɓa take jini, musamman ga yaro, wuya kuma ya kumbura, a yi zargin mashaƙo a garzaya asibiti. Ɓarkewar da aka yi a 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa Yobe da yankin Damagaram, ta isa ta sa kowa ya san wannan alama. Kankare irin wannan fata haɗari ne. Haka in gefe ɗaya ya kumbura ya ture beli, baki ya ƙi buɗuwa sosai, murya ta koma kamar mai dankali mai zafi a baki, ƙurji ne ya tara ruwa a bayan tonsil. Babba kuma da ya ga tonsil ɗaya ya fi ɗaya girma, ko gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, ko ƙullutu a wuya, ko ciwon kunne ɗaya da ya ƙi tafiya, musamman mai shan taba, ya je a duba shi. Tsakuwa ma takan sa kunne ciwo, saboda jijiya ɗaya ce ke kai saƙo daga wuraren biyu, amma likita ne zai raba. Yara ƙanana kuwa ba a yi musu ko da sirinjin ne, don ba su iya riƙe numfashi yadda ake buƙata.

Wanda ya yi wata biyu ko uku yana wankewa da kankare harshe, likitan haƙori ya duba dasashinsa ya ce lafiya, amma tsakuwa na dawowa kowane mako da wari, lokacin ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya yi. Akwai sashen a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. A wasu wurare ana shafe bakin ramukan da hasken leza don su zama marasa zurfi, amma abin na iya dawowa. Cire tonsil gaba ɗaya shi ne ke raba mutum da tsakuwa har abada, sai dai likitoci ba sa saurin yin sa don ita kaɗai. Ma'aunin da aka saba bi na yawan ciwon maƙogwaro ne: sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku. Ga babba aikin ya fi zafi fiye da yaro, jinyar takan kai kwana 10 zuwa 14, mai sikila kuma sai an yi masa shiri na musamman tun kafin ranar. Jini yakan iya ɓallewa tsakanin rana ta 5 da ta 10, lokacin da ɓawon wurin ke faɗuwa, saboda haka wanda gidansa ke nesa da asibiti ya nemi inda zai zauna a kusa har mako biyun su cika.